Azumin Shan Ruwa Don Wanke Jiki: Wace Hanya Ce Ta Cancanci A Bi, Wacce Ce Ta Cancanci A Bari?

Duk wanda ke leƙa WhatsApp ko TikTok ko Instagram a 'yan shekarun nan ya sha cin karo da tallar wanke jiki. Ana cewa mutum ya ƙaurace wa abinci na kwana uku, ko bakwai, ko goma, ya riƙa shan ruwan kokwamba da abarba da citta, ko ruwan lemon tsami da zuma, ko wani shayi da ake sayarwa a ƙunshi, sai dattin da ya taru a cikinsa ya fita, tumbi ya zube, fata ta yi sheƙi, hawan jini da ciwon sukari su lafa. Waɗanda tallar ta fi kamawa su ne amaryar da biki ya ƙarato mata, da mai jegon da ke son cikinta ya koma yadda yake, da magidancin da teɓa ta fara damunsa, musamman bayan Babbar Sallah, lokacin da mutane da yawa ke jin cewa maiƙo ya yi musu yawa. Damuwar waɗannan mutane ta gaskiya ce, don haka ta cancanci amsa ta gaskiya.

Tallar tana cuɗa alkawura biyu da ya wajaba a raba su kafin a yi zaɓi. Na farko shi ne fitar da guba daga jiki, na biyu kuma rage nauyi. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin shan ruwa da ta tabbatar da alkawarin farko. Na biyu kuwa kusan dukkansu suna cika shi na ɗan lokaci, kuma bambancinsu yana cikin abin da jiki ya rasa, da haɗarin da aka shiga, da kuma ko nauyin zai dawo.

Wace guba ce ake fitarwa?

Jikin mutum yana da gaɓoɓin da wannan ne aikinsu dare da rana. Ƙodojin baligi mai lafiya suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya da rabi zuwa biyu a matsayin fitsari. Hanta kuma tana sauya magunguna da sauran sinadarai zuwa siffar da za su iya bin fitsari ko ruwan madaciya su fita. Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne, wani muhimmin sashe na wannan aikin hanta yana dogara ne da sinadaran da ake samu daga furotin, wato daga wake da ƙwai da kifi da nama da nono, kuma su ne ainihin abubuwan da mai azumin ruwan 'ya'yan itace yake hana kansa.

A 2009 wata ƙungiyar masana a Ingila mai suna Sense About Science ta tuntuɓi masu sayar da kayayyakin wanke jiki iri 15, ta nemi su kawo hujjar abin da suke faɗa, amma ba a samu mai gamsasshiyar hujja ba, kuma ko a kan ma'anar wanke jikin ba su yi ittifaƙi ba. A 2015 masu bincike biyu daga Ostareliya, Klein da Kiat, suka bi diddigin abin da aka wallafa a kan irin waɗannan tsare-tsare, suka tarar babu ingantaccen gwaji irin wanda ake raba mutane gida biyu a kwatanta da ya nuna cewa suna fitar da guba daga jikin ɗan Adam.

Mu a arewa mun ga yadda guba ta ainihi take, da yadda ake fitar da ita. A 2010 aka gano cewa gubar dalma, wadda ta fito daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje, ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Gubar tana da suna, an auna yawanta a jinin kowane yaro, an kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ba da takamaiman maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, sannan aka sake auna jini don a ga ko ta ragu. Duk mai tallar da ya kasa faɗin sunan gubar da yake fitarwa, ya kuma kasa nuna awonta kafin sha da bayan sha, to bai ba mai saye dalilin da zai yarda da shi ba.

Ruwan 'ya'yan itace da ganyaye

Wannan ce hanyar da ta fi farin jini, domin kayanta na halal ne, sananne, kuma kowa ya san kankana da karas da abarba suna da amfani. Gaskiya ne cewa mai shan su yana samun bitamin da fotasiyam, kuma a kwanakin da yake sha ya huta da soye-soye da lemon kwalba da gishiri mai yawa, wanda shi ne babban dalilin da ya sa wasu ke jin jikinsu ya yi sakayau. Sai dai idan aka markaɗa 'ya'yan itace aka tace, dusar da ta rage a kan rariya, wadda masana ke kira faiba, ita ce ke rage saurin shigar sukari cikin jini, ta ƙosar da mutum, ta sauƙaƙa bayan gida, ta kuma ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Abin da ya wuce ta rariyar galibinsa ruwa ne da sukari. Kofi ɗaya na ruwan lemon zaƙi, mai cin mililita 250, yana ɗauke da sukari sama da giram 20, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa sukarin ruwan 'ya'yan itace da na zuma a sahu ɗaya da sukarin da ake zubawa a shayi, inda ta ba da shawarar kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga baligi. Mai shan kofi shida a rana ya ninka wannan iyaka fiye da sau biyu.

Batun nauyin da ke zubewa kuwa lissafi ne mai sauƙi, kuma ya shafi dukkan hanyoyin da za a ambata. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori kusan 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Idan mace tana buƙatar kalori 2,000 a rana, ta koma shan abin da bai wuce 700 ba, to a kwana uku giɓin da ta samu bai kai kalori 4,000 ba, wato kimanin rabin kilo na kitse idan ma duk daga kitse aka cire shi. Idan sikeli ya nuna kilo biyu ko uku sun tafi, ragowar daga ina suka fito? Jiki yana ajiye sukari kimanin rabin kilo a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da zarar an daina cin abinci, jiki ya cinye wannan ajiya, ruwan ya fita ta fitsari, hanji kuma ya wofinta. Ranar da aka koma tuwo da shinkafa, ajiyar ta cika, ruwan ya dawo, sikeli ma ya koma inda yake ko kusa da wurin.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba. Ganyaye irin su alayyafo da kuma bitrut suna da sinadarin okzalet mai yawa, wanda a cikin miya ba ya zama matsala ga mai lafiya, amma idan aka markaɗa su ɗanye ana shan kofuna da yawa kullum, yana iya taruwa a ƙoda. Mujallun likitanci sun wallafa labaran mutanen da ƙodarsu ta samu mummunan rauni ta wannan hanya, musamman waɗanda dama ƙodar tasu tana da ɗan rauni ko aka taɓa yi musu aikin hanji. Ga kuma batun tsabta, wanda a yanayinmu ba ƙarami ba ne: ruwan ɗanyun kayan lambu da aka haɗa da safe, aka ajiye shi cikin zafi babu wutar lantarkin da za ta riƙe firji, hanya ce buɗaɗɗiya ga gudawa da taifod.

Lemon tsami da zuma da barkono

Wannan haɗi ba daga kakanninmu ya zo ba. Asalinsa wani Ba'amurke ne mai suna Stanley Burroughs, wanda ba likita ba ne, ya fara yayata shi tun shekarun 1940, ya wallafa shi a ɗan littafi a 1976, kuma daga baya wata kotu a jihar Kalifoniya ta same shi da laifin yin aikin likita ba tare da lasisi ba. Tsarin ya sake tashe a 2006 lokacin da mawaƙiyar Amurka Beyoncé ta ce da shi ta rage nauyi. Yadda ya tsara shi, mutum zai yi aƙalla kwana goma yana shan kofi shida zuwa goma sha biyu a rana na ruwan lemon tsami da ruwan zaƙin wata itaciya ta ƙasarsu da garin barkono, da safe ya sha kusan lita ɗaya ta ruwan gishiri, da dare kuma shayi mai sa gudawa. A wajenmu zuma ce ke maye gurbin ruwan zaƙin.

A ganina wannan ya fi ruwan 'ya'yan itace muni ta kowace fuska. Cokali biyu na zuma a kowane kofi, sau shida, ya kai sukari kusan giram 200 a rana, ba furotin, ba mai, ba faiba. Ruwan gishirin safe yana ɗauke da ƙaramin cokali biyu na gishiri, fiye da ninki biyu na giram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa yini guda, kuma mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya ba shi da dalilin kusantar wannan. Tsami da yaji a kan cikin da babu komai kuwa, mai gyambon ciki ya san abin da suke jawowa, kuma tsamin yana cin farin rufin haƙori. An gwada irin wannan tsari a Koriya ta Kudu, a binciken da aka wallafa a 2015 a kan mata 84 masu ƙiba. Waɗanda suka sha haɗin lemon sun rage nauyi, amma waɗanda aka ba wani abin sha daban mai kalori daidai da nasu su ma sun rage. Ƙarancin abinci ne ya yi aikin, ba lemon ba.

Ɗan'uwan wannan shi ne abin da ake kira wankin hanta, inda ake shan man zaitun da yawa haɗe da ruwan lemon, washegari mutum ya ga wasu korayen dunƙule-dunƙule a bayan gidansa, a ce masa tsakuwar madaciya ce ta fito. A 2005 wasu masana a New Zealand suka auna irin waɗannan dunƙule-dunƙule, suka bayyana a mujallar Lancet cewa man ne da ruwan lemon suka haɗu a hanji suka daskare, babu alaƙa da tsakuwar madaciya.

Shayin wankin ciki

A kan wannan ba sai an tsawaita ba. Mafi yawan irin waɗannan shayi suna ɗauke da ganyen sanamaki, ɗan'uwan filasko, wanda ke tsokanar hanji ya sa gudawa, wani lokacin kuma da ganyen da ke ƙara fitsari. Gudawar ce ake nuna wa mai saye a matsayin dattin da ke fita, alhali abinci ya riga ya gama shiga jini a ƙaramin hanji kafin maganin ya yi aikinsa a babban hanji, don haka abin da ake rasawa ruwa ne da gishirin jiki, musamman fotasiyam wanda bugun zuciya ke dogaro da shi. Sanamaki magani ne na gaske ga taurin bayan gida idan an sha na 'yan kwanaki, amma shan sa makonni yana iya sa hanji ya kasa aiki sai da shi, kuma gudawa mai yawa tana iya raunana ƙwayar tazarar haihuwa. A 2020 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta gurfanar da kamfanin shayi na Teami kan iƙirarin lafiya marar hujja, aka yanke masa hukuncin dala miliyan 15.2, wanda aka jingine bayan ya biya dala miliyan ɗaya. Hukumomi a ƙasashe da dama sun kuma sha gano sibutramine, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya, a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta musu cewa na ganye ne zalla. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ma ba shaida ba ce cewa yana yin abin da aka ce yana yi, balle wanda aka ƙulla a leda ba suna ba lamba.

Ruwa zalla na kwanaki

Masu wannan hanya sun fi kowa kafa hujja da kimiyya. Suna ambaton Yoshinori Ohsumi, masanin Japan da ya samu kyautar Nobel a 2016 saboda bayanin yadda ƙwayar halitta ke narkar da lalatattun sassanta ta sake amfani da su, aikin da yunwa ke ƙara masa ƙarfi. Binciken gaskiya ne kuma mai daraja, amma a kan ƙwayoyin yis ya gina shi, bai ce mutum ya yi kwana bakwai bai ci ba don ya warke daga wata cuta. Suna kuma ambaton asibitin azumi na Buchinger Wilhelmi da ke Jamus, wanda a 2019 ya wallafa bayanin mutum 1,422 da suka yi azumin kwana 4 zuwa 21, aka ga nauyinsu da hawan jininsu da sukarinsu sun sauka. Adalci ne a faɗi wannan. Adalci ne kuma a ƙara da cewa mutanen suna ƙarƙashin kulawar likitoci kullum, ana ba su romo da ɗan ruwan 'ya'yan itace na kalori 200 zuwa 250, ba a kwatanta su da wasu da ba su yi azumin ba, kuma masu binciken suna da alaƙa da asibitin. Wani nazari da masana a Jami'ar Illinois ta Chicago suka fitar a 2023 ya nuna cewa a dogon azumin ruwa, kaso mafi girma na nauyin da ke zubewa ba kitse ba ne, kuma saukar hawan jini da sukari yakan gushe cikin wata uku zuwa huɗu bayan an koma cin abinci.

Haɗarin wannan hanya ya fi na sauran tsanani. Ƙwaƙwalwa tana buƙatar sukari, kuma a kwanakin farko jiki yana samo shi ne ta hanyar narkar da tsoka. Jiri yana kama mutum idan ya miƙe tsaye, sinadarin da ke tayar da ciwon gaɓoɓi yana ƙaruwa a jini, kuma saurin ramewa yana jawo tsakuwar madaciya. Yawan shan ruwa ba tare da abinci ba yana iya tsinka gishirin jini har ƙwaƙwalwa ta kumbura: a 2008 wata mata a Ingila ta karɓi diyyar sama da fam 800,000 bayan ta samu raunin ƙwaƙwalwa na dindindin a kan wani tsarin wanke jiki da aka ce mata ta yawaita ruwa ta rage gishiri. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ranar buɗe baki tana iya fin kwanakin yunwar haɗari. Idan jikin da ya daɗe bai ci ba ya samu abinci mai yawa farat ɗaya, insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yana tashi ya janye gishirin jiki irin su fosfet da fotasiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, zuciya ta rikice. Ƙa'idar asibitocin Ingila tana ɗaukar wanda ya wuce kwana biyar bai ci abin kirki ba a matsayin mai wannan haɗari, a fara ba shi abinci kaɗan-kaɗan ana auna jininsa. Wanda ya yi wannan shi kaɗai a gida, a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram inda zafi ke haura digiri 40, ya sa kansa cikin halin da Hausawa ke cewa garin neman gira a rasa ido.

Abincin ruwa na asibiti

Akwai tsarin shan ruwa guda ɗaya da ke da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a san shi domin kada a rikita shi da waɗanda suka gabata. A gwajin DiRECT da Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow suka jagoranta, wanda aka fitar da sakamakonsa a ƙarshen 2017, an ɗauki mutum 306 masu ƙiba da ciwon sukari nau'i na biyu da bai wuce shekara shida da kama su ba. Rabinsu aka ɗora su a kan wani garin abinci na musamman da ake damawa a sha, mai kalori 825 zuwa 853 a rana, na tsawon wata uku zuwa biyar, sannan aka mayar da su kan abinci sannu a hankali tare da ci gaba da bibiya. Bayan shekara ɗaya, kashi 46 cikin ɗari sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba, alhali a ɗaya rukunin, wanda ba a ɗora a kan garin ba, kashi 4 ne kawai. Bayan shekara biyu, kashi 36 ne suka dawwama a haka.

Bambancin wannan da ruwan abarba a bayyane yake. An auna furotin da bitamin da gishirin da jiki ke buƙata an zuba a cikin garin, ma'aikatan lafiya ne suka tsayar da magungunan sukari da na hawan jini tun ranar farko suna kuma bibiyar awo, an keɓe masu allurar insulin ba a sa su ba, kuma babu wanda ya yi maganar guba. Manufar ita ce rage kitsen da ya taru a hanta da gaɓar da ke samar da insulin. Darasin auna furotin ma da tsada aka koye shi, domin a ƙarshen shekarun 1970 a Amurka an yayi wani ruwan furotin marar inganci, hukumomin lafiya suka binciki mutuwar mutum 17 da ba su da wata cuta sai ƙiba, waɗanda zuciyarsu ta tsaya bayan watanni suna shan sa. Saboda haka wannan hanya magani ce da likita ke rubutawa, kuma kunu ko koko ko garin da aka saya a intanet ba sa maye gurbinta.

Azumin da aka saba da gyaran cima

Mai karatu Musulmi zai iya tambaya: to ina azumin Ramadan da na Litinin da Alhamis? Azumin ibada niyyarsa daban ce, kuma ba daidai ba ne a mayar da shi tsarin rage tumbi. Amma tsarinsa abin dubawa ne: ana cin sahur, ana gaggauta buɗe baki, an hana a haɗa kwanaki ana azumi ba a sha ruwa ba, an kuma ɗauke wa marar lafiya. Wato kowace rana jiki yana samun cikakken abinci, abin da azumin wanke jiki ya rasa. Ta fuskar nauyi, binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna masu azumin Ramadan kan rage kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma yakan dawo cikin makonni bayan Sallah. Taƙaita sa'o'in cin abinci ma an gwada shi: a binciken da aka yi a Guangzhou ta ƙasar Sin a kan mutum 139, wanda ya fito a 2022, waɗanda suka rage yawan abinci suka kuma taƙaita cinsu cikin sa'a takwas a rana ba su fi waɗanda suka rage yawan abinci kawai samun wani bambanci na a-zo-a-gani ba bayan shekara guda. Ma'ana, hanya ce mai kyau ga wanda ta yi wa sauƙi, ba don tana da wani sirri ba.

Gyaran cima shi ne zaɓin da ba shi da ɗaukar ido, amma shi ne kaɗai mutum zai iya riƙewa shekara da shekaru. A rage malmalar tuwo da tulin shinkafa, a ƙara wake da zogale da rama da kuɓewa da kabewa, a fifita gero da dawa da acca da ba a cire musu dusa ba, a ci lemo da mangwaro da gwaiba da haƙori maimakon a tace su, a sha zoɓo da kunun aya da fura ba tare da an cika musu sukari ba, a rage dunƙulen ɗanɗano da mai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Da haka ana iya rage kimanin rabin kilo a mako, kuma mafi yawansa kitse ne.

Wa ya dace da wacce?

Akwai waɗanda babu zaɓi a gabansu sai barin dukkan azumin ruwa da shayin wankin ciki: mai ciki, da mai shayarwa, da yara da matasan da ba su gama girma ba, da tsofaffi, da mai ciwon ƙoda ko hanta ko zuciya, da mai gyambon ciki. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, jininsa na iya yin ƙasa fiye da kima. Mai amosanin jini, wato sikila, rashin ruwa a jiki yana daga cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo, kuma gudawar sanamaki hanya ce kai tsaye zuwa ga hakan. Na fi jin tausayin mai jego a wannan lamari, domin ita aka fi matsa wa da maganar tumbi a daidai lokacin da jikinta ke buƙatar ƙarin abinci don ta mayar da jinin da ta zubar ta kuma samar da nono. Mahaifa da kanta take komawa cikin kimanin mako shida, babu shayin da ke gaggauta ta.

Baligi mai cikakkiyar lafiya da ke son ya huta da nauyin abinci bayan biki ko Sallah, yini ɗaya na 'ya'yan itace da romo da kunu marar sukari ba zai cutar da shi ba, muddin ya san hutu ne kawai ya ba cikinsa. Amarya da ke son ta rage jiki, wata uku na gyaran cima da tafiya a ƙasa za su ba ta abin da kwana goma na lemon tsami ba za su ba ta ba, kuma ba za ta shiga hidimar biki tana jiri ba. Mai ƙiba da ciwon sukarin da bai daɗe ba, wanda ke son gwada tsari mai tsauri, wurin likitansa da masanin abinci na asibiti zai nufa, domin sai an daidaita magungunansa kafin ya rage ko loma ɗaya.

Wanda kuma abin da ke damunsa shi ne lafiyar hanta da ƙoda, inda zai sa ƙarfinsa shi ne hana guba shiga tun farko. Ya guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, domin gubar da ke cikinsu tana jawo kansar hanta. Ya daina shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen barkatai, da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba, da man bilicin da ake samun sinadarin makuri a wasunsu. Idan kuwa kasala da kumburin ciki da ciwon kai ne suka sa shi tunanin datti ya taru masa, to waɗannan alamu ne da ƙarancin jini, da ciwon hanta nau'in B, da hawan jini, da ciwon sukari, da ƙwayar cutar gyambon ciki duk suke iya kawowa, kuma kowannensu yana da gwajin da ake yi a babban asibiti, yawancinsu a samu sakamako cikin kwana ɗaya ko biyu.